Ƙaiƙayi: daga ina yake fitowa, me ya sa susa ba ta kashe shi?



Yau za mu yi magana bisa wani abu da kowa ya sani. Macen da ta wuni tana sussuka da shiƙa ta san shi. Manomin da ya ɗauko damen gero a kafaɗa ya san shi. Yaron da sauro ya ciza da damina ya san shi. Hausa ma suna ɗaya ta ba ƙurar da ke tashi daga zangarniyar gero da abin da take sa wa jiki: duka biyu ƙaiƙayi ne.

Mutane da yawa sun ɗauka ƙaiƙayi ƙaramin abu ne, maganinsa akaifa. Amma akwai ƙaiƙayin da ke hana gida guda barci wata da watanni. Akwai wanda ke jawo gyambo a jikin yaro. Akwai kuma wanda ke nuna cewa hanta ko ƙoda ba su da lafiya. Hausawa sun ce jiki magayi. To, ƙaiƙayi ɗaya ne daga cikin maganganun da jiki ke gaya wa mai shi. Idan mun gane yadda maganar ke tafiya, za mu san yadda za mu amsa ta.

Jijiya iri uku ce

Kafin mu yi nisa, sai mu rarrabe wata kalma. A Hausa muna kiran abubuwa uku da suna jijiya. Akwai jijiyar jini, wadda jini ke gudu cikinta. Akwai jijiyar da ke ɗaure nama da ƙashi, kamar agara. Akwai kuma wasu fararen zaruruwa da ba su ɗauke da jini, sai saƙo. Su ne za mu kira jijiyoyin saƙo, kuma su ne maganarmu ta yau.

Jijiyoyin saƙo sun bazu ko'ina cikin jiki, kamar saiwar icce cikin ƙasa. Suna tasowa daga fata, su taru su shiga laka. Duk wanda ya taɓa fiɗar dabba ya ga wani farin abu mai laushi a cikin ƙashin baya. Ita ce laka. Laka kuwa ta miƙe har cikin kai, ta haɗu da ƙwaƙwalwa.

Mu kwatanta jiki da gari. Fata ita ce bakin gari, inda masu gadi ke zaune. Jijiyoyin saƙo su ne ƴan aike da hanyoyinsu. Laka ita ce zauren fada, inda ake tace labari kafin ya shiga ciki. Ƙwaƙwalwa ita ce fada kanta. Ƙaiƙayi sai ya bi zango huɗun nan kafin mutum ya ji shi.

Zango na farko: fata

A cikin fata, kusa da sama, jijiyoyin saƙo suna ƙarewa da ƙananan bakuna. Kowane baki da aikinsa. Wani na jin taɓi, wani na jin zafin wuta, wani sanyi, wani ciwo. Akwai kuma waɗanda aikinsu jin ƙaiƙayi ne. Irin bakunan nan suna cikin fata da ido da hanci da maƙogwaro da sauran ƙofofin jiki. Shi ya sa ido na yin ƙaiƙayi, amma ba wanda ya taɓa jin ƙaiƙayi a cikin ƙashinsa ko cikin zuciyarsa.

Mu ɗauki misalin sauro. Macen sauro ce ke cizo, don tana bukatar jini ta yi ƙwai. Idan ta soka bakinta, sai ta zuba miyau don kada jinin ya daskare. Jiki bai san miyan nan ba, baƙo ne a gare shi. A cikin fata akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gadi. Da sun ji baƙo, sai su saki wani sinadari da ake kira histamin. Histamin yana yin abu biyu. Yana buɗa ƙananan jijiyoyin jini, sai wurin ya kumbura. Yana kuma taɓa bakunan jijiyoyin ƙaiƙayi, sai su tayar da ɗan aike. Haka abin yake ga cizon kuɗin cizo da na ƙuma, da kuma borin jini.

Amma ba kowane ƙaiƙayi ke bi ta hanyar histamin ba. Wanda ya taɓa shiga dajin kudu, inda ruwan sama ke da yawa, ya san ƙarara. Gashin da ke jikin kwasfarta yana ɗauke da wani sinadari nasa na kansa. Idan gashin ya soki fata, sinadarin yana taɓa bakunan jijiya kai tsaye. Shi kuwa ƙaiƙayin gero da na dawa, ƙananan tsinke ne masu kaifi da ke maƙalewa a fata, musamman idan akwai zufa. Da hunturu kuma, fata na bushewa ta tsattsage, bakunan jijiya su zama ba su da kariya, abu kaɗan ya tayar da su.

Akwai wani misali da manyanmu za su tuna. A da, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi sha shi ne kulorokin, wanda aka sani da suna Nivaquine. Baƙar fata da yawa idan sun sha shi sai ƙaiƙayi ya taso musu a dukan jiki, har wasu su daina sha kafin su warke. A shekarar 2009, masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano dalili. Wasu jijiyoyin ƙaiƙayi suna da wata ƴar ƙofa da kulorokin ke buɗewa da kansa, ba tare da histamin ba. Tun cikin shekarun 2000 aka canza maganin zazzaɓin da ake bayarwa a gidajen likita, domin ƙwayar cutar ta daina jin kulorokin.

Wannan bambanci yana da amfani a gare mu. Ƙwayoyin maganin ƙaiƙayi da aka fi sayarwa, histamin suke tarewa. Suna aiki ga borin jini da cizon ƙwari. Ga ƙaiƙayin da bai bi ta histamin ba, amfaninsu kaɗan ne.

Zango na biyu: ɗan aike bisa hanya

Da bakin jijiya ya motsa, sai wani ɗan ƙaramin ƙarfi mai kama da lantarki ya bi zaren jijiya ya nufi laka. Shi ne saƙon. Amma ƴan aiken jiki ba su da sauri ɗaya. Jijiyar da ke ɗauke da saƙon taɓi tana da kauri, an kuma naɗe ta da wata riga ta kitse. Saƙonta na cin mita 30 zuwa 70 cikin daƙiƙa guda, ya fi mota gudu. Jijiyar ƙaiƙayi siririya ce, yawanci ba ta da rigar nan. Saƙonta ba ya kai mita 2 cikin daƙiƙa, wato kamar mai tafiya a ƙasa. Ƙaiƙayi na zuwa sannu, ya kuma daɗe bai tafi ba.

Shekaru da yawa likitoci sun ɗauka ƙaiƙayi ƙanen ciwo ne, wato ciwo ne wanda bai yi ƙarfi ba. A shekarar 1997, wani mai bincike mai suna Martin Schmelz da abokan aikinsa a ƙasar Jamus suka sa siririyar allura cikin jijiyar ƙafar mutane masu lafiya da suka yarda a gwada su. Suka sa histamin a fatarsu, suka saurari jijiyoyin. Sai suka sami wasu zaruruwa da ke motsawa daidai lokacin da mutum ke jin ƙaiƙayi, su yi shiru idan ya lafa. Daga nan aka tabbata ƙaiƙayi yana da nasa ƴan aike.

Mu ma idan mun lura za mu ga bambancin. Idan ƙaya ta soki mutum, janye ƙafa yake yi. Idan ƙaiƙayi ya taso, kai hannu yake yi. Ciwo na cewa a gudu. Ƙaiƙayi na cewa a zo a cire wani abu da ke bisa fata. Tun shekarar 1660 wani likita ɗan Jamus, Samuel Hafenreffer, ya bayyana ƙaiƙayi da cewa ji ne marar daɗi da ke sa mutum son susa. Har yau likitoci na aiki da wannan bayani.

Zango na uku: zauren laka

Saƙo ba ya wucewa fada kai tsaye. A cikin laka, ɗan aiken farko yana miƙa labari ga na biyu. A nan akwai masu tsaron ƙofa, wato wasu ƙananan jijiyoyi da ke iya barin saƙo ya wuce ko su tare shi.

A shekarar 2007, wani mai bincike mai suna Zhou-Feng Chen da abokin aikinsa, a birnin Sen Luwis na Amurka, suka gano wata ƙofa ta musamman a lakar ɓera. Ɓeran da ba shi da ƙofar nan ba ya yawan susa ko an sa masa abin ƙaiƙayi, amma yana jin ciwo kamar kowane ɓera. A shekarar 2009 suka kashe jijiyoyin da ke ɗauke da ƙofar, sai ɓerayen suka kusan daina susa ɗungum, jin ciwonsu kuwa yana nan yadda yake. Ke nan ko a cikin laka, ƙaiƙayi na da tasa hanya.

Zango na huɗu: fada

Daga laka saƙon ya hau zuwa ƙwaƙwalwa. A can ne ake karanta shi. Wani sashe na ƙwaƙwalwa yana faɗin inda abin yake: hannu ne ko gadon baya. Wani sashe yana sa mutum ya ji damuwa. Wani kuma yana shirya hannu ya tafi wurin. Mutum yana jin abin a fatarsa, amma a ƙwaƙwalwa aka haife shi.

Ga shaidu uku. Na ɗaya, mutumin da aka yanke wa ƙafa a gidan likita yakan ji yatsan ƙafar da babu ita yana masa ƙaiƙayi. Na biyu, idan mutum ya ga wani na susa, ko ya ji ana maganar kwarkwata, sai shi ma ya kama susa. Wataƙila wasu masu karatu sun fara tun ɗazu. Na uku, ƙaiƙayi ya fi tsanani da dare. Da rana fada cike take da labarai: aikin gona, kasuwa, hira. Da dare an yi shiru, ga fata ta ɗau ɗumi cikin mayafi, sai muryar ƙaiƙayi ta fito fili. Damuwa da rashin barci su ma suna ƙara masa ƙarfi.

Me ya sa susa take da daɗi?

Idan akaifa ta karci fata, tana jawo ɗan ƙaramin ciwo. Saƙon ciwon nan yana isa zauren laka, ya tayar da masu tsaron ƙofa, su kuma su tare saƙon ƙaiƙayi. A shekarar 2009, masu bincike a jami'ar Minesota ta Amurka sun nuna haka a jikin birai: lokacin da ake sosa fata, jijiyoyin laka masu kai ƙaiƙayi ga ƙwaƙwalwa suna yin shiru. Ban da haka, susa na motsa sashen ƙwaƙwalwa da ke ba da jin daɗi. Shi ya sa take da wuyar bari.

Amma ƙofar ba ta daɗewa a rufe. Abin da ya tayar da ƙaiƙayin yana nan inda yake. Kuma susa tana barin ɓarna iri uku. Tana raunata fata, sai ƙwayoyi masu gadi su ƙara sakin sinadarai, ƙaiƙayi ya ƙaru. Tana sa ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna serotonin don rage ciwon karce, amma binciken da aka yi kan ɓeraye a shekarar 2014 ya nuna sinadarin nan yana ƙara wa saƙon ƙaiƙayi ƙarfi a cikin laka. Idan kuma susa ta daɗe wata da watanni, fata na yin kauri da duhu, jijiyoyin su zama masu saurin tashi, har taɓin riga ya isa ya tayar da su. Nan karin maganar nan ta cika: ƙaiƙayi koma kan masheƙiya. Mai susa shi ke mayar wa kansa da abin da yake kora.

Misalin ƙazuwa

Babu cutar da ke nuna haɗarin susa kamar ƙazuwa. Wani ƙwaro ne ke kawo ta, ƙarami ƙwarai, bai kai rabin milimita ba. Macen tana haƙa rami cikin fata, tana zuba ƙwai 2 ko 3 kowace rana. Yawanci ƙwarin da ke jikin mutum ba su wuce 10 zuwa 15 ba, amma ƙaiƙayin na kama kusan dukan jiki. Dalili kuwa, jiki ne ke faɗa da ƙwaron da ƙwansa da kashinsa. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako 4 zuwa 6 kafin ya fara ji, alhali yana iya ba wasu. Ana ganin ƙurajen a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, ƙugu da al'aura. Ga jarirai har tafin hannu da tafin ƙafa da kai.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a kowane lokaci mutum miliyan 200 ko fiye na fama da ƙazuwa a duniya. A shekarar 2017 ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci. Ta fi yaɗuwa inda ake kwana a cunkushe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Idan yaro ya karce fatarsa, ƙwayoyin cuta na shiga, ƙuraje su yi ruwa su zama gyambo. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna iya jawo ciwon ƙoda bayan ƴan makonni. Alamarsa kumburin fuska da ƙafa, da fitsari kaɗan mai duhu. Yaron da ya nuna haka a kai shi gidan likita ba tare da jinkiri ba.

Ƙazuwa na warkewa. Ma'aikacin lafiya zai ba da maganin shafawa ko na sha. Sai dai a yi wa duk mutanen gida magani rana ɗaya, har waɗanda ba su fara susa ba. A wanke tufafi da mayafai da ruwan zafi, a shanya su a rana. Abin da ba ya wankuwa a ɗaure shi cikin leda mako guda, ƙwaron zai mutu. Kuma a sani, ƙaiƙayin na iya ci gaba mako 2 zuwa 4 bayan ƙwarin sun mutu, domin jiki da jijiyoyi ba su gama hucewa ba. Kada a yi ta maimaita magani ba da izinin ma'aikacin lafiya ba.

Dabbobi ma suna da irin tasu. Akuya ko raƙumin da ke yawan goga jiki da icce, gashinsa na zuba, yana ramewa, a nuna shi ga likitan dabbobi, a kuma ware shi daga garke.

Abin da ya kamata a yi a gida

1. A yanke akaifa, ta manya da ta yara, a riƙa wanke hannu da sabulu.

2. Idan ƙaiƙayi ya taso, a ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Saƙon sanyi ma yana rufe ƙofar laka, kuma ba ya tsaga fata. Ana iya danna wurin da tafin hannu maimakon karce.

3. Bayan sussuka, shiƙa ko ɗaukar dami, a yi wanka, a canza tufafi. A lokacin aikin a rufe wuya da hannuwa, a kuma tsaya ta inda iska ke fitowa.

4. Da hunturu a rage wanka da ruwa mai zafi sosai da sabulu mai kaifi. A shafa man kaɗe ko basilin tun jiki bai gama bushewa ba.

5. A kwana cikin gidan sauro. A riƙa shanya tabarma da katifa a rana.

6. Kada a shafa wa fata maganin ƙwarin gona, ko baƙin man mota, ko kananzir. Guba ce, tana ƙona fata, tana kuma shiga jini.

7. Kada a sayi man shafawa ko ƙwaya wurin masu yawo da magani a kasuwa. Wasu mayukan suna kwantar da ƙaiƙayi na ƴan kwanaki, amma suna ɓoye cutar, su sa fata ta yi laushi ta lalace. Wasu ƙwayoyin kuma suna sa barci, haɗari ne ga direba da ɗan kabu-kabu.

Yaushe za a tafi gidan likita?

A tafi idan ƙaiƙayi ya wuce mako 2 bai lafa ba, ko yana hana barci, ko ya kama mutum fiye da ɗaya a gida. A tafi idan ƙuraje sun yi ruwa ko zazzaɓi ya biyo baya.

A tafi idan dukan jiki na ƙaiƙayi amma babu ƙurji ko ɗaya. Wani lokaci abin daga jini yake fitowa. Idan hanta ko ƙoda suka gaza, dattin da ya kamata su fitar yana taruwa, ya tayar da jijiyoyin ƙaiƙayi daga ciki. Ido da ya yi rawaya kamar na mai shawara, rama, ko yawan gajiya, alamu ne da ba a wasa da su. Ciwon sukari da sida ma suna iya zuwa da ƙaiƙayi.

Mace mai ciki da tafin hannunta da tafin ƙafarta ke ƙaiƙayi a watannin ƙarshe, musamman da dare, ta je awo da wuri ta faɗa wa ungozomar likita. Yana iya zama daga hanta, kuma yana iya taɓa lafiyar abin da ke cikinta.

Idan borin jini ya zo da kumburin leɓe ko harshe, ko numfashi na sarƙewa, bayan shan magani ko harbin zuma, a garzaya nan take.

Akwai kuma alamar da take akasin ƙaiƙayi. Tabon da ya fi sauran fata haske, wanda ba ya ƙaiƙayi, ba ya jin taɓi, ba ya jin tsinke, yana iya zama farkon kuturta. Ƙwayar kuturta jijiyoyin saƙo take ci, ɗan aike ya rasa hanya. Tana warkewa idan an fara magani da wuri, kuma tun shekarar 1995 OMS ke ba ƙasashe maganinta kyauta.

Mu tuna kuma cewa ana cin nasara bisa cututtuka masu ƙaiƙayi idan an bi tushensu. Makantar kogi, wadda wani baƙin ƙuda ke yaɗawa a bakin ruwa mai gudu, tana sa ƙaiƙayi mai tsanani kafin ta kai ga ido. An yi shekaru ana yaƙi da ƙudan, ana kuma raba magani. A watan Janairu na shekarar 2025, OMS ta tabbatar Nijar ta kawar da cutar, ita ce ƙasa ta farko a Afirka da ta yi haka.

Jama'a, ƙaiƙayi ɗan aike ne da fata ta turo. Akaifa tana rufe masa baki na ɗan lokaci, ba ta taɓa abin da ya aiko shi. Idan ya zo, mu tambayi kanmu: ƙwaro ne, ƙurar gero ce, bushewar fata ce, magani ne da muka sha, ko wani ciwo ne a ciki? Abin da muka gane mu kawar da shi. Abin da ya gagare mu mu kai wa ma'aikacin lafiya. Wanda ya karanta wannan shafi ya karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna, musamman uwayen yara.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.